Gidan Ajiya Shi Ma Ajiya Ne

Maganarmu ta yau a kan gini take, ginin gidan da ake ajiye kayan kakanni don na baya su zo su gani. Shi ake kira gidan tarihi, da Faransanci kuwa muze. Akwai babba a Yamai, akwai na jiha a nan Damagaram, akwai kuma a Kano da Jos da sauran manyan garuruwa.

Ga tambayar da za mu auna tare. In gari ya tashi gina gidan tarihi, da me ya kamata a gina shi? Da ƙasa da azara, yadda kakanni suka yi, ko da siminti da ƙarfe da kwano, yadda ake yayi yanzu? Wani zai ce wannan ai maganar magina ce da ma'aikatan gwamnati, ina ruwan manomi da ita? To, da ruwansa. Galma da takobi da tukunyar da za a ajiye a ciki na kakanninsa ne. Kuma tambayar nan ita ce kowane mai gida yake yi wa kansa ran da ya sayar da wake ya ga kuɗi a hannu: in yaɓe ɗakin tsoho, ko in rushe shi in sa bulo?

Abin da muka tarar

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar Birni ya san Damagaram tana da abin nunawa. Ga fadar Sarki, wadda ta haura shekara 150 tana tsaye. Ga gidaje masu zankwaye da zane a fuskar zaure, a Birni da Zango. Ga ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita, shi da ya yi sarauta har 1884, ya sa aka ƙera igwa a cikin garin nan. Faransawa sun ci garin a 1899, kuma daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasa, kafin a mayar da mulki Yamai. A 2006 an sa Birni da fadar a jerin wuraren da Nijar take neman hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan gadon duniya. Tsohon garin Agadas, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, an karɓe shi a 2013.

Duk waɗannan da ƙasa aka yi su. Baƙon da ya taso daga nesa don ya ga Damagaram, bangon ƙasar nan ya zo gani. Bulo da kwano yana da su a garinsu.

Yadda magini yake aiki

Kafin mu yanke hukunci, bari mu dubi aikin kansa, don wanda bai san wahalar abu ba ba ya sanin darajarsa.

Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Magini yakan damƙi ƙasa a hannu, ya jiƙa ta, ya murza, ya gane ko yashi ya yi mata yawa ko yumɓu. In yumɓu ya yi yawa bango zai tsage da rani. In yashi ne, ruwan farko zai wanke shi. Sai a kwaɓa ta da ruwa da busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sāke kwaɓawa. Daga nan a cura tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana har ya bushe sarai. Wajen ɗora bango, ana jera tubalin a tsaye, a cika tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango yakan yi kauri, yana hawa yana sirancewa, don nauyi ya zauna a ƙasa.

Rufi kuwa aikin azara ne, wato gangar giginya da aka tsaga. An zaɓe ta don gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara tana da iyaka. In ka shimfiɗa ta ta wuce kamar mita 2 ba abin tokara, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. To, yaya aka yi aka rufe manyan zaurukan fada da masallatai? A nan gwanintar take. Magini yakan dasa azara a cikin bango, ta leƙo kaɗan. Ya ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa. Haka daga wannan bango, haka daga wancan, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe su da ƙasa. Shi ne bakan gizo. In baka biyu ko fiye suka gitta juna, sai a ce ɗaurin guga, don ya yi kama da icen da ake gittawa a bakin gugar rijiya. Da irin wannan dabara Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Saura kariya daga ruwa. A ƙasar Hausa ana shafe bango da daɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Ana kuma yin laso, da katsi daga marina, da gashin awaki daga majema, da dafara daga daji. Ku duba da kyau. Kafin soro ɗaya ya tsaya, sai da marini ya sa hannu, da majemi, da mai saran giginya, da mai jaki, da mata masu ɗebo ruwa. A garin da ruwa yake da tsada kamar namu, mai zama bisa duwatsu, kowane bango shaida ne na tulunan da aka ɗauko a ka.

Saboda haka bangon ƙasa shi kansa kayan tarihi ne. Takobin da aka rataye a ciki yana ba da labarin maƙeri ɗaya. Bangon da aka rataye shi yana ba da labarin sana'o'in gari guda.

Abin da jiki yake ji

Ba sai mutum ya iya karanta takardar da aka manna a gefen kaya ba kafin gidan tarihi ya yi masa magana. Jikinsa ne yake fara karatu tun daga bakin ƙofa.

Fata ce ta farko. A watan Afrilu da Mayu zafi a Damagaram yakan wuce awo 40. Shiga ɗakin kwano da azahar, ka fito, ka shiga soron ƙasa. Ba ka bukatar mai bayani. Dalilin sanyin soro shi ne kaurin bango. Zafin rana yana ratsa ƙasa a hankali, kafin ya kai ciki rana ta faɗi. Da dare kuma, musamman lokacin hunturu, bangon yana sakin ɗumin da ya tara. Kwano ba ya riƙe komai, yadda rana ta buge shi haka zai zubo maka.

Wannan ba jin daɗin mutum kaɗai ya shafa ba. Fata da takarda da ice, abin da ya fi ɓata su shi ne sauyi na farat ɗaya, yanzu zafi an jima sanyi, yau laima gobe bushewa. Haka gafakar littafi take tsagewa, haka fatar tambari take saki. Bangon ƙasa yakan sha laima in ta yi yawa, ya mayar da ita in iska ta bushe. A Turai, injin lantarki ne yake yi wa manyan gidajen tarihi wannan aiki dare da rana. A nan, ran da wuta ta ɗauke injin ya tsaya, amma bango ba ya tsayawa.

Sai ido. Tagar soro ƙarama ce, kuma a sama take. Wanda ya shigo daga hasken rana sai ya dakata idonsa ya saba. Dakatawar nan tana da amfani, don mai gaggawa ba ya ganin komai. Kuma kowace mace ta san abin da rana take yi wa baƙin zane in an bar shi a kan igiya. Hasken da yake kashe shuɗin baba shi ne yake kashe tawadar tsofaffin littattafai. Gidan da aka cika da manyan tagogin gilashi yana da kyau a hoto, amma yana cin kayan da aka ba shi ajiya.

Sai kunne. A ɗakin siminti murya tana bugun bango ta dawo, mutum goma in suna magana sai ka ce kasuwa. In ruwa ya sauka a kan kwano kuwa, ko na kusa da kai ba ka ji. Bangon ƙasa yana shanye hayaniya. Shi ya sa mutum yakan rage murya da kansa in ya shiga tsohon zaure, ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Sai hanci da tafin hannu. Ƙanshin ƙasa bayan yayyafin farko, da na makuba a sabon daɓe, suna tuna wa dattijo ɗakin uwarsa fiye da kowane bayani. In ka shafa tsohon bango za ka ji sawun yatsun wanda ya yaɓe shi. Ba a rubuta sunansa ko'ina ba, amma ga hannunsa ka taɓa.

Har tafiyar ƙafa magini ya tsara ta. Ƙofar zaure ta ciki ba ta kallon ta waje, sai ka karkata. A gidan sarauta zaure na bin zaure, kana wucewa kana ƙara natsuwa, kafin ka iso inda Sarki yake ka riga ka gyara rigarka. Gidan tarihi irin wannan shiga yake so, don mutum ya bar hayaniyar titi a baya kafin ya tsaya gaban kayan kakanninsa.

Abin da masu siminti suke cewa

Adalci shi ne mu saurari ɗaya ɓangaren, don maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ƙasa tana faɗuwa. Gaskiya ne, kuma mun gani da idonmu. Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa a Nijar, gidaje dubbai suka rushe, mutane ɗaruruwa suka rasu. A farkon watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai ƙarfi. A watan Agusta na 2023 ma wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana cikin salla, aka yi asarar rayuka. Wanda ya ce a ajiye littafin da babu irinsa a ƙarƙashin rufin ƙasa, dole ya amsa wannan tambaya: in rufin ya zubo fa?

Suna kuma cewa gwanayen magina sun yi ƙaranci, giginya ta ja baya, marina da yawa sun mutu, to ina za a sami katsi? Suna cewa ɓarawo yana iya huda bangon ƙasa. Duk wannan haka yake.

Amma akwai abin da ba su cika faɗa ba. Siminti shi ma yana tsufa, ƙarfen cikinsa yana tsatsa, kuma in ya tsage ba mai gyara shi sai da kuɗi. Sannan akwai wata ɓarna da ake yi da kyakkyawar niyya, wato shafe tsohon bangon ƙasa da siminti. Daga waje sai ka ga ya yi sumul. A ciki kuwa laima ta shiga ta rasa hanyar fita, ƙasa tana ruɓewa a ɓoye, har ran da simintin zai ɓalle kamar ɓawon gyaɗa ya bar rami. Bangon da aka yaɓe da ƙasa, in ya fara ciwo kowa yana gani.

Akwai kuma masu raba gardama ta hanyar ado. Su gina da bulo, su ɗora zankwaye, su zana dagi a fuska, su ce ga ginin gargajiya. Ido zai yarda daga nesa. Fata da kunne da hanci ba za su yarda ba. Yaron da aka kawo irin wannan gida zai tafi da zaton gwanintar kakanninsa zane ce kawai, alhali zane shi ne na ƙarshe a aikin, kuma mafi sauƙi.

Abin da wasu suka yi

A Kano, Gidan Makama tsohon gidan sarauta ne na ƙasa, aka mayar da shi gidan tarihi. Mai ziyara yana kallon kaya, yana ɗaga kai yana kallon bakan gizo. A Jos an ware fili aka sāke gina irin manyan gine-ginen da, har da kwatancin ganuwar Kano da masallacin Zariya, don gini kansa ya zama abin kallo. Gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yanzu yake ɗauke da sunan Bubu Hama, bai tara komai a ɗaki ɗaya ba. Rumfuna ne a warwatse cikin fili, an yi musu ado irin na gidajen Hausa, kuma akwai maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki mutane na kallo. Waɗanda suka tsara shi sun gane cewa sana'a ba ta ajiyuwa a cikin akwati, sai a hannun mai yin ta.

Kada kuma a ɗauka ginin ƙasa ya tsaya a zamanin da. A garin Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallaci da ƙasa a 1962, mutanen gari suna taya shi. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafiya kyau a ƙasashen Musulmi. A Dandaji, a jihar Tawa ɗin dai, Mariam Isufu, ƴar Nijar mai ilmin zanen gini, ita da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. A Burkina, Faransis Kere, ɗan ƙauyen Gando, ya fara da ginin makaranta ta ƙasa a ƙauyensu, a 2022 ya karɓi babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Waɗannan ba su ƙi sabon abu ba. Sukan sa dutse da siminti a harsashi inda ruwa yake kwanciya, su sa ƙarfe inda azara ta gaza, su bar ƙasa ta yi aikin da ta fi kowa iyawa.

Bashin yaɓe

To, ina muka tsaya? A ganina gidan tarihin ƙasar Damagaram da ƙasa ya kamata a gina shi, bisa harsashi mai ƙarfi, da indararo masu tsawo da za su jefa ruwa nesa da gindin bango. Littattafai da kayan da ba su da na biyu a sa su a akwatin ƙarfe, a ɗaga su daga ƙasa. Amma wannan zaɓi yana da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne zuciyar maganar.

Wanda ya yi gini da ƙasa ya ci bashi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ya biya: a hau rufi a duba, a share indararo, a toshe tsaga, a yaɓe inda ya zaizaye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ruwa ma haka. Fadar Sarki ta kai yau ne don akwai mutane a cikinta masu ganin tsaga tun tana ƙarama. Ganuwa kuwa, da aka daina bukatarta aka daina yaɓe ta, ga abin da ya rage.

Mutane suna ganin wannan bashi aibi ne. Ni ina ganin shi ne babban amfanin ginin ƙasa. Gidan da ba ya neman komai a wurinka, da sannu za ka manta da shi, ka bar wa gwamnati da mai gadi. Gidan da yake neman hannunka duk shekara yana tilasta wa tsohon magini ya hau bango, yaro na miƙa masa ƙasa. A nan yaron zai koyi murza ƙasa a hannu, da ɗaurin azara, da haɗin makuba. Ran da aka daina yaɓe, ba a fi shekara talatin ba sai a nemi mai wannan sani a rasa. Tukunya in ta fashe ana iya liƙa ta a sa a gilashi. Sanin da ke hannun magini in ya bi shi kabari, ba gilashin da zai dawo da shi.

Don haka amanar iri biyu ce. Akwai amanar kayan da aka ajiye, akwai amanar hannun da ya san yadda ake yin gidan. Wanda ya gina da siminti zalla ya riƙe ta farko ya saki ta biyu. Wanda ya gina da ƙasa ya ƙi yaɓe ya saki duka biyu, har ya sa rayukan mutane cikin haɗari, kuma laifinsa ya fi na wancan. In gari ya san ba zai iya biyan bashin ba, gara ya faɗi gaskiya tun farko. Tun ran gini ran zane. Ranar da ake shawarar harsashi, ranar ya kamata a san wa zai hau rufin nan baɗi, da me za a biya shi, wane yaro ne kuma zai tsaya kusa da shi.

Maganar ba ta tsaya a birni ba. Kusan kowane ƙauye yana da tsohon masallaci, ko zauren mai gari, ko rumbun da wani gwani ya gina wanda ba mai iya irinsa yanzu. Waɗannan su ne gidajen tarihinku, ko da ba a kafa musu allo ba. Kafin damina mai zuwa, ku zaga su ku duba. Ku nemi dattijon da ya san aikin, ku tambaye shi inda ake ɗebo ƙasa mai kyau, da kwana nawa take ruɓa, da abin da ake haɗa ta da shi. Ku tura masa samari biyu ko uku su taya shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle soro.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu.